Cunkoson Ababen Hawa a Manyan Garuruwa: Ina Matsayin Zariya?



GABATARWA

Duk wanda ya taɓa barin Ƙofar Doka da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ya nufi Sabon Gari ko Samaru ta cikin Tudun Wada, ba ya bukatar a fassara masa kalmar cunkoso, ko gosulo kamar yadda direbobi ke faɗi. Sai dai ra'ayin jama'a a kan wannan al'amari ya rabu gida biyu. Akwai masu cewa Zariya ta zama Ikko, tafiya ta gagara. Akwai kuma waɗanda suka zauna Ikko ko Kano, su kuwa dariya suke yi, suna cewa mutanen Zazzau ba su ga kome ba tukuna. Maƙasudin wannan lacca shi ne a auna maganar a kan sikeli, a ga iyakar munin abin, da inda ya samo asali, da kuma abin da ya kamata a yi tun lokaci bai ƙure ba.

YADDA AKE AUNA CUNKOSO

Galibin mutane da tsawon layin motoci suke auna cunkoso. Masana harkar sufuri kuwa abubuwa uku suke dubawa. Na farko shi ne lokacin da ya ƙaru a kan tafiya, watau bambancin da ke tsakanin mintocin da ake ci idan hanya fayau take da waɗanda ake ci idan ta cika. Na biyu shi ne yawan sa'o'in da cunkoson ke ɗauka a yini. Na uku, wanda ya fi cutar da ma'aikaci, shi ne rashin tabbas. Mutumin da ya san kullum zai yi minti arba'in a hanya yana iya tsara fitarsa. Wanda yau zai yi minti ashirin, gobe ya yi awa guda, tilas ne kullum ya fita da shirin awa guda, ko kuwa ya riƙa makara.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Layi ɗaya na titi, idan babu abin da ya tare shi, yana iya wucewa da ƙananan motoci kimanin 1,800 a cikin awa guda. Mahaɗa, ko gada, ko bakin kasuwa ba su iya wucewa da wannan adadi. Alal misali, a ce wata mahaɗa motoci 900 take iya saki a awa, ga shi kuwa 1,000 ne ke isowa. Kowace awa motoci 100 za su taru a baya. Idan kowace mota ta ci mita shida, an sami layi mai tsawon mita 600 ke nan. Abin lura a nan shi ne, ɗan ƙari kaɗan a kan ƙarfin hanya shi ke haifar da dogon layi, haka kuma ɗan sauƙi kaɗan na iya warware shi.

DARASI DAGA IKKO DA KANO

Domin a san matsayin Zariya, ya kyautu a dubi garuruwan da suka riga ta shiga wannan hali. A ƙasar nan Ikko ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, ma'aikata suka shiga sayen motoci da babura. Titunan Ikko, waɗanda ruwa ya matse su, suka kasa ɗauka. Cunkoso na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar kafa sabon babban birni a Abuja a 1976.

A 1977 aka kafa dokar da ta raba ranakun shiga wasu manyan titunan Ikko bisa ga lambar mota, masu mara da ranakunsu, masu cika da nasu. Masu hali suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, dokar ta tashi a banza. An soma aikin jirgin ƙasa na cikin gari a 1983, aka soke shi a 1985. An buɗe babbar gada ta uku a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, ba a daɗe ba ita ma ta cika. Sai a 2008 aka fara manyan bas-bas masu layinsu na kansu, jirgin ƙasa na cikin gari kuwa bai fara ɗaukar fasinja ba sai a 2023. Shekara arba'in ke nan tsakanin niyya da cikawa, kuma a tsawon wannan lokaci ma'aikata da yawa sun saba da fita tun kafin asuba domin su isa ofis a kan kari.

Kano ta fi kusa da Zariya, darasinta kuma ya fi shafar ta. An kafa hukumar KAROTA a 2012 domin kula da zirga-zirga. A watan Janairu na 2013 aka hana acaba saboda dalilan tsaro, nan da nan a-daidaita-sahu ta cike gurbin. Aka gina gadojin sama da na ƙarƙashin ƙasa a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro. Babu shakka waɗannan mahaɗu sun sami sauƙi. Amma wanda ya bi ta Kantin Kwari ko kasuwar Singa da rana tsaka ya san cewa gada ba ta hana a sauke kaya a tsakiyar titi.

HALIN DA ZARIYA KE CIKI

Idan aka ɗora Zariya a kan ma'aunan nan uku, gaskiyar magana ita ce ba ta kai Ikko ba, ba ta ma kai Kano ba. Cunkosonta na lokaci-lokaci ne, kuma na wurare ƙididdigaggu: da safe lokacin fita aiki da makaranta, da rana lokacin tashi, da kuma gab da magariba. Ana cin karo da shi a Tudun Wada, da Agoro, da PZ, da kewayen kasuwar Sabon Gari, da Kwangila, da bakin kasuwar Samaru. Da an wuce waɗannan wurare hanya kan buɗe.

Tushen matsalar yana cikin tarihin garin. Zariya garuruwa ne da dama da aka ɗinke da 'yan hanyoyi kaɗan. Akwai birni na cikin ganuwa, wanda aka tsara lungunansa domin mai tafiya a ƙasa da mai doki da mai jaki. Bayan zuwan Turawa, da isowar jirgin ƙasa a 1911, Sabon Gari ya tashi kusa da tasha. Tudun Wada ta tashi a tsakanin su biyu, ta zama mazaunin baƙi 'yan Arewa. Daga baya Samaru ta bunƙasa, musamman bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kogin Kubanni ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, saboda haka mai ƙetarewa sai ya nemi gada, gadojin kuwa ba su da yawa.

Sakamakon haka shi ne Tudun Wada ta zama maƙogwaron gari. Mutumin birni mai aiki a Samaru ta nan zai bi. Ɗalibin Kongo ta nan zai bi. Da asibitin koyarwa ya koma mazauninsa na Shika a 2005, majinyata da ma'aikatan da a da suke isa asibiti da ƙafa suka koma neman mota. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a haɗe suna da mutane kusan 700,000, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin.

Shirin sabunta birane da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa wasu tituna, aka kuma gina gadar sama a Ƙofar Doka. An ci moriyar wannan aiki. Sai dai titi mai layi biyu, idan aka jera motoci a gefensa, masu tebur suka kafa kaya, keke Napep ya tsaya ɗaukar fasinja a inda ya ga dama, ya koma layi ɗaya. Bisa ga lissafin da ya gabata, rabin kuɗin da aka kashe a kan kwalta ya tafi ke nan. Har ila yau, keke Napep mutum uku ko huɗu yake ɗauka. Fasinja 60 da babbar bas guda za ta kwashe suna bukatar keke 15 zuwa 20, kowanne da tsayawarsa da juyawarsa.

HASARAR DA AKE YI

Mai cewa abin bai kai a damu ba, sai ya yi wannan lissafi. Ma'aikacin da cunkoso ke ci wa minti 15 da safe da minti 15 da yamma ya yi hasarar rabin awa a yini. A cikin kwanakin aiki 240 na shekara, awa 120 ke nan, watau kwana 15 na cikakken aiki. A ofishi mai ma'aikata 100, lokacin da ya salwanta ya kai aikin mutum shida na shekara guda. Ga man da injin ke sha a tsaye, wanda tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya zama babban nauyi a kan direba, shi kuma ya ɗora wa fasinja. Ga hayaƙin da masu sana'a a bakin titi da yara 'yan makaranta ke shaƙa. Mafi muni duka shi ne mace mai naƙuda, ko wanda ya yi haɗari, da ake ƙoƙarin kaiwa Shika. A gare su minti goma na iya zama tsakanin rai da ajali.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da yake cunkoson Zariya na 'yan wurare ne, maganinsa bai kai tsadar na Ikko ba. Da farko, a ƙwato titin da ake da shi: a keɓe wa keke da bas wuraren tsayawa nesa kaɗan da mahaɗa, a samar wa masu tebur wuri a cikin kasuwa kafin a tashe su daga bakin hanya, domin korar mai neman abinci ba tare da madadi ba kwana biyu take yi. Na biyu, a sa wa manyan motocin kaya lokacin shiga gari da sauke kaya. Na uku, a sa manyan bas-bas masu tashi a kan lokaci daga Ƙofar Doka zuwa Samaru da Shika. Na huɗu, hukumar tsara gari ta daina amincewa da ginin kantuna ko makaranta ko ɗakin taro a bakin babban titi in babu filin ajiye motoci. Na biyar, makarantu da ofisoshi su sassaɓa lokutan tashinsu.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki. Jami'a na da sassan nazarin ƙasa da tsara birane da aikin injiniya. Ƙirga ababen hawa a Agoro ko Kwangila na mako guda ba ya bukatar kome sai agogo da takarda da haƙuri, amma da irin wannan ƙidaya ce hukuma za ta san inda ya cancanci a kashe kuɗi.

KAMMALAWA

Amsar tambayar da aka fara da ita ita ce: cunkoson Zariya bai kai yadda masu kuka ke faɗi ba, amma ya wuce yadda masu dariya ke zato. Ikko ma akwai lokacin da matsalarta ba ta wuce 'yan mahaɗu ba, aka yi sakaci har ta gagari kundila. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izinin gini yau, da ɗalibin da zai gaje kujerarsa gobe, su ne za su yanke irin tafiyar da mutanen Tudun Wada za su riƙa yi nan da shekara ashirin.