Aikin Jinya Amana Ce

Jama'a, wannan jawabi ya shafi ma'aikatan jinya, watau nas-nas da ungozomomi, da kuma hakkin da majiyyaci yake da shi a kansu.

Da farko, ya kamata a sani cewa ba farar riga ce take mai da mutum nas ba. A shekarar 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya bisa Doka ta 89. Ita ce take tsara karatun makarantun jinya, ta shirya jarrabawa, ta sa sunan wanda ya ci a rajista, sa'an nan ta ba shi lasin. Shi kuwa lasin ɗin nan sai an riƙa sabunta shi, bayan mai shi ya nuna shaidar ya ƙaro ilmi. Duk wanda ya kira kansa nas alhali ba ya cikin rajista, to, ya karya doka, komai daɗewarsa yana taya likita aiki.

A da, ana ganin aikin nas bai wuce wankin miki da miƙa magani ba. Yanzu abin ya faɗaɗa ƙwarai. Tun 1965 Jami'ar Ibadan ta fara koyar da jinya har zuwa digiri, ga kuma nas-nas da suka ƙware a kan ciwon ido, da taɓin hankali, da sa barci lokacin tiyata. A 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da tsarin da ya danƙa wa nas-nas da ungozomomi waɗansu ayyuka da a da likita kaɗai yake yi, saboda ƙarancin likitoci a karkara.

To, gwargwadon ƙaruwar aiki, gwargwadon nauyin amana. Wajibi ne nas ta rubuta duk abin da ta yi wa majiyyaci. In ta yi allura da tsakar dare ba ta rubuta ba, mai karɓarta da safe tana iya maimaitawa, a yi asarar rai a banza. Wajibi ne kuma ta riƙe asirin majiyyaci, ta san iyakar saninta, ta tura shi gaba da wuri in ciwo ya fi ƙarfinta. Wadda ta yi ganganci, akwai kotun ladabtarwa ta Majalisar, mai ikon yi mata gargaɗi ko soke sunanta daga rajista.

Su ma jama'a suna da nasu nauyi. Ba laifi ba ne mutum ya tambaya ko mai yi masa allura tana da lasin. Wanda aka cuta ya kai kuka wurin shugaban asibiti, in bai gamsu ba ya rubuta wa Majalisar. Zagi da dukan ma'aikaci kuwa ba su warkar da kowa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.