Kafin A Kwashe Toka: Jawabi Kan Binciken Gobara



A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A Janairun 2021 ta auka wa babbar kasuwar Sakkwato, a Maris na shekarar kuma ta faɗa wa babbar kasuwar Katsina. Al'adarmu dai guda ce a duk inda irin wannan ta faru: mu jajanta, mu tara gudummawa, wani ya ce wutar lantarki ce, kashegari a kwashe toka. Jaje wajibi ne, ƙaddara kuma gaskiya ce. Amma kowace ƙaddara da sanadinta, sanadin kuwa a cikin tokar nan yake kwance.

Mai binciken gobara karatu yake yi. Yakan fara daga inda ɓarna ta yi sauƙi, ya bi ta har inda ta fi tsanani. Wuta sama take yi tana buɗewa, don haka takan bar zane a bango mai kama da mazurari, gindinsa ke nuna inda ta taso. Yakan auna zurfin gawayi a jikin katako. Alminiyum yana narkewa a zafin digiri 660, jan ƙarfen waya kuwa sai ya kai 1,085, saboda haka abin da ya narke da abin da ya tsira suna faɗa masa iyakar zafin wurin. In ya ga ɗan dunƙule kamar ƙwayar dawa a bakin waya, ya san lantarki ya yi tartsatsi a nan. Ko a nan ma ba ya gaggawa, domin gobarar kanta tana iya ƙone robar waya ta haddasa tartsatsin.

Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi muna da sanadan da ba su haɗa hanya da lantarki ba. Tartsatsi yakan shige cikin dilar auduga ya yi kwanaki yana ci a ɓoye, kafin hayaƙi ya bayyana. Angurya mai danshi in an tsibe ta, zafi take haifarwa da kanta har ta iya kamawa. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa masara da wake a ɗakunan ajiya na Dandume da Bakori, in ruwa ya taɓa ta alhali an tara ta wuri guda, iskar da take fitarwa tana iya kamawa ba ashana.

In ba a yi bincike ba, wa ake kamawa? Mai gadi, talaka bawan Allah, ko abokin gaba. Zato kuwa zunubi ne. A jihar Teksas ta Amurka an zartar wa Cameron Todd Willingham hukuncin kisa a 2004, bisa zargin cinna wutar da ta hallaka 'ya'yansa uku a 1991. Daga baya masana suka nuna cewa alamomin da aka dogara da su ba sa tabbatar da cinnawa. Wannan fa ƙasar da ake yin binciken ke nan, balle inda ba a yi.

Roƙonmu ga wannan ƙungiya shi ne ta zauna da sarakunan kasuwa da jami'an kwana-kwana, a amince cewa bayan an kashe wuta za a kewaye wurin da igiya, kada a ɗauke ko kwano guda sai an ɗauki hoto an duba. Mun san ɗan kasuwa yana ɗokin sake gini, amma haƙurin kwana biyu ne. Injiniyoyinmu da ke birane, waɗanda da yawansu ta hannunmu suka wuce a firamare, su ba sakatare sunayensu yau, domin a kira su ranar buƙata. Rahoton da suka rubuta kuma a karanta shi a gaban jama'a, a buga shi a wannan mujalla.