IDAN INJIN JIRGI YA RAGE ƘARFI A TSAKIYAR RUWA

Jawabi ga masunta da masu fito na bakin tafkin Kainji



Tun da aka gama madatsar Kainji a shekarar 1968, ruwan da kakanninmu ke ƙetarewa da filafili ya zama tafki mai faɗi. Yau mai zuwa kasuwar Yawuri ko ta Wara da inji yake tafiya. To, injin da ya mutu a bakin gaɓa asarar yini ce kawai. Wanda ya mutu a tsakiya, ga iska ta taso, ga mata da yara a ciki, wannan maganar rai ce. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan abin da ke sa inji ya rage ƙarfi, da yadda mutum zai gano matsalar kafin ya kai ga bakanike.

Inji yana bukatar abu uku: mai, iska da wuta. Sau da yawa laifin na mai ne, don haka daga tanki za mu fara.

A kan murfin tanki akwai ɗan noti na shigar iska. Idan aka manta ba a sassauta shi ba, inji zai tashi lafiya, ya yi tafiyar 'yan mintoci, sannan ya fara shaƙewa har ya mutu. Dalili kuwa, mai na fita amma iska ba ta shiga ta maye gurbinsa. Kafin ka kama sifana, duba wannan noti.

Na biyu, tiyon mai da ƙwallon robar da ake matsawa. Kibiyar da ke jikin ƙwallon dole ta fuskanci inji. Ga gwaji mai sauƙi: lokacin da inji ke neman mutuwa, ka matsa ƙwallon sau biyu ko uku. In ya farfaɗo, ka san mai ne ba ya isa. Watakila tiyo ya tsage yana shan iska, ko matatar mai ta toshe, ko kuwa robar famfon mai ta huje.

Na uku, shi kansa man. Fetur ɗin jarka yakan zo da ruwa, ko yashi, ko a gauraya shi da kananzir. Zuba kaɗan a kwalba mai haske, ka ajiye ta. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Idan ya riga ya shiga kafireto, akwai notin zubarwa a gindinsa, a kwance shi a tsiyaye. Fetur mai kananzir kuwa hayaƙi yake jawowa, ya kashe ƙarfi, ya cinye fistan. Araha ba ta ado.

Sai gauraye. Yawancin injunanmu, irin su Yamaha Enduro, ana haɗa musu fetur da man inji. Awon da aka fi sani shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. Wato tanki mai lita 25 yana ɗaukar rabin lita, lita 10 kuma mililita 200. Sabon inji yana bukatar fiye da haka a sa'o'insa na farko, sai a bi littafin da ya zo da shi. A nemi man injin ruwa mai alamar TC-W3, a bar man mota. In mai ya yi yawa, fulogi zai jiƙe. In ya yi kaɗan, inji zai buga, kuma kuɗin gyaransa ya ninka abin da aka yi rowa sau da yawa. Injin da ke da wurin zuba baƙin mai nasa daban, shi ba a gauraya masa.

Yanzu wuta. Kwance fulogi ka dubi bakinsa. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne a jiƙe, mai ya yi yawa ko an bar cok a jawe. In ya yi fari fat, mai ba ya isa ko inji na zafi, kuma wannan ya fi haɗari. Inji mai fulogi biyu idan ɗaya ya mutu, zai dinga karkarwa yana tafiya da rabin ƙarfi.

Wani lokaci kuma injin ba shi da laifi. Idan ka ba da totur ya yi ƙara sosai amma jirgi ba ya gaba, robar cikin farfela ta sake, ko 'yar ƙusar da ke riƙe ta ta karye, musamman bayan an daki kututturen da ruwa ya rufe. Idan kuwa yana nishi, ka kashe shi, ka ɗaga, ka duba ko tsohuwar koma ko kainuwa ta naɗe farfela. Kullum kuma idonka ya kasance a kan ɗan ruwan da inji ke tsartarwa ta baya. Da zarar ya tsaya, kashe nan take, domin ruwan sanyaya inji ya yanke.

Sai lodi. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa, kuma hukumomi suka ce lodi ya wuce kima. Jirgin da aka cika ya wuce ƙa'ida babu injin da zai cece shi.

A ƙarshe, kada jirgi ya bar gaɓa sai da fulogi biyu sababbi, da sifanar fulogi, da igiyar tayarwa ta ajiya, da filafili, da rigar kariya ga kowane fasinja. Kada a sha taba kusa da tanki. Idan za a ajiye inji na makonni, a cire tiyo a bar shi ya ƙone man da ke kafireto, don tsohon mai danƙo yake zama ya toshe hanya. In duk an duba waɗannan bai gyaru ba, a kai wa bakanike, a gaya masa abin da aka gani dalla-dalla.

 Allah ya kai kowa gaɓa lafiya.