Harsashi mai rami a baki da naman da ke shiga tukunyarmu

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Ranar Asabar na shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na zauna a shagon wani abokina. Sai ga wani matashi yana nuna mana bidiyo a waya: wani Bature a Amurka yana tattara kwanson harsashin ƙaramar bindiga, yana sake cika shi a gida, wai zai tafi farauta. Harsashin kuwa irin mai rami a baki ne. Yaron nan ya ce shi fa abin ya burge shi, sai ya gwada.

A gefe akwai wani dattijo, tsohon maharbi, ya zo sayen takalmi. Bai ce komai ba, sai ya ɗaga hannunsa na hagu. Yatsu uku ne suka rage. Na ce, "Baba, me ya faru?" Ya ce, "Bindigar toka ce, ɗana. Na ɗura mata albarushi fiye da ƙima, ta fashe a hannuna." Shagon ya yi tsit.

To bari mu ɗauki maganar ɗaya bayan ɗaya. Na farko, doka. Nan ba Amurka ba ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin waɗanda aka haramta, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ko bindigar toka ma tana buƙatar lasisi daga 'yan sanda. Haɗa harsashi a gida kuwa laifi ne kai tsaye. Aikin irin su DICON ne, masana'antar da aka kafa a 1964, ga ta can Kakuri a tsallaken kogi.

Na biyu, shi wannan ramin bakin, me yake yi? Idan harsashin ya shiga jiki sai ya buɗe kamar lema, ya yi rauni mai faɗi. Shi ya sa maharban ƙasashen waje ke son sa, dabba ba ta daɗewa tana wahala. Kuma saboda munin raunin ne aka hana amfani da irinsa a yaƙi tun 1899, a taron birnin Hague.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na uku, kuma ya shafi har wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Yawancin harsashi da dalma ake yin sa. Idan ya buɗe, dalmar kan farfashe, ta watsu cikin nama, ƙanana ƙanana, ido ba ya gani sai a hoton asibiti. Dafuwa ba ta kashe ta, banda ma ba ta fitar da ita. Ka sayi zabo ko gada, uwargida ta yi farfesu, yara su sha romo.

Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba. A 2010 yara kusan 400 suka rasu a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, sanadin dalmar da ke cikin duwatsun zinariya. Ban ce nama zai yi irin wannan ɓarnar ba, a'a. Amma gubar ɗaya ce, tana taruwa a jiki a hankali, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, maharba da yawa suka koma na jan ƙarfe.

Don haka idan naman daji ya zo gidanka, tambayi yadda aka kama shi. In harbi ne, a yanke wurin raunin da faɗi a zubar, kada a yi rowa. Mai juna biyu da ƙananan yara kuwa, gara su haƙura.

Da Baba zai tafi, ya dubi yaron ya ce, "Goge bidiyon nan, ka bar yatsunka goma."

Ku bar mana ra'ayoyinku a ƙasa, musamman maharba. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.