Ƙibar Yaro Ba Ita Ce Lafiyarsa Ba: Jawabi Ga Iyaye a Taron Ƙungiya



Maganar da aka ce in yi yau a kan 'ya'yanmu ce. Mu Hausawa in mun ga yaro ya yi ɓul-ɓul sai mu ce masha Allahu, gidansu akwai hutu. To, jama'a, wata ƙibar nauyi ce kawai aka ɗora wa ƙashin da bai gama ƙwari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, amma a 2022 abin ya kai kashi 20.

Kakanninmu da haƙar kuza ta kawo su Naraguta, ƙafa ce motarsu. Yanzu fa? Yaro ya hau Keke Napep zuwa makaranta, a tara ya sha lemon kwalba da biskit, ya dawo ya ci indomi, sannan ya zauna gaban talabijin ko waya har dare. Ina jiki zai kai wannan abinci?

Ku sani, a bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai wuri mai laushi kamar guringuntsi, ta nan yake ƙara tsawo. In nauyi ya yi yawa, wurin nan ne ke shan wuya. A ƙasan gwiwa yana iya dannuwa, ƙafa ta lanƙwashe ta yi baka. A kwatangwalo kuma kan ƙashin cinya yana iya zamewa daga mazauninsa, galibi ga masu shekara 10 zuwa 15. Abin lura, sau da yawa yaron gwiwa ko cinya zai ce yana masa ciwo, alhali matsalar tana kwatangwalo. Don haka in yaro mai jiki ya fara ɗingishi, kada a ce girma ne ko sanyin Jos ne, kada kuma a kai shi wajen mai ɗori a yi ta murza. A hana shi taka ƙafar, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Jinkiri na iya bar masa ɗingishi har tsufa.

Sai dai ba duk lanƙwasar ƙafa ce ƙiba ke jawowa ba. A nan asibitin koyarwa na JUTH, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun bincika yara 123 masu laushin ƙashi, aka buga sakamakon a 1999. Sun gano cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili, domin waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Ke nan yaro na iya ƙoshi, har ya yi ƙiba, amma ƙashinsa na jin yunwa. Likita ne zai bambance.

Me za mu yi a gida? Na ɗaya, lemon kwalba ya koma na ranar biki, kullum kuwa ruwa. Na biyu, a ba su nono, da ƙananan busassun kifi a daka da ƙayarsu a zuba a miya, da wake da zogale. Allah ya hore mana kabeji da karas da acca a Filato, ga gwate mai ganye. Na uku, a bar su su yi wasa, aƙalla minti 60 a rana kamar yadda Hukumar ta ba da shawara. 'Yan mata ma haka, ko a tsakar gida ne. Na huɗu, kada a yi wa yaro gori ko a sa masa suna saboda jikinsa, kada kuma a hana shi abinci. Tukunyar gidan za a gyara, kowa ya ci iri ɗaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.