Dunƙulen cakulan mai ƙamshin lemo, da darasin da zafin bazara ya koya mini

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu masu sana'ar kayan zaƙi ta gabatar ranar bikin zagayowar shekarar kafa ƙungiya. Mun buga shi yadda ta faɗa, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da waɗanda suka roƙi a rubuta musu awon.

Hajiya Shugaba, iyayenmu da ke zaune a gaba, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan tare suka riga mu gidan gaskiya.

An ce in yi magana kan abin nan da aka raba muku a ƙananan kofunan takarda bayan cin abinci. Na ga wasu sun cinye nasu, wasu kuma sun ƙulle a gefen mayafi za su kai wa yara. Masu ƙullewa, don Allah ku kwance ku cinye yanzu, in ba haka ba mayafin ne zai sha. Dalilin haka shi ne rabin jawabina.

Turawa na kiransa tirafil. Asalinsa daga Faransa ne, kuma sunan aro ne daga wani irin naman kaza mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa a gindin itatuwa a Faransa da Italiya, wanda ake nemowa da karnuka. Idan aka mulmula cakulan aka birkiɗa shi a garin koko, sai ya yi kama da wannan naman kaza da aka tono da ƙasa a jikinsa. Ni dai dunƙulen cakulan nake ce masa, kuma da wannan sunan masu saye suka san shi. Idan kun ji na ce koko a yau, ba na shan ƙosai nake nufi ba, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba nake nufi, wanda da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Ibadan, Cocoa House, a 1965.

Duk wadda ta iya tuwon madara ko gullisuwa, hannunta ya riga ya san rabin aikin. Kayan haɗin biyar ne kacal: baƙin cakulan giram 200, kirim mai ruwa na kwali da ake sayarwa a shagunan kayan kek mililita 100, bota cokali ɗaya babba, ɗan gishiri da bai wuce tsinken yatsa biyu ba, sai bawon lemon zaƙi guda ɗaya. Ku riƙe ƙa'idar, ta fi lambobin amfani: cakulan kashi biyu, kirim kashi ɗaya. Idan mai madara ne ko farin cakulan, kashi uku ne da ɗaya, domin sun fi laushi. Wannan awon yana ba ni dunƙule ashirin zuwa ashirin da biyar. Ku sayi ɗan sikelin kicin, 'yan uwa. Cakulan ba ya yarda da awon ido.

Bari in tsaya a kan lemon, domin a nan mutane suka fi yin kuskure. Ƙamshin lemo a bawonsa yake. Kun san yadda ido ke yaji idan mai lemo yana fere shi kusa da ke? Wani mai ne ke fesowa daga ƙananan ramukan da ke jikin bawon, kuma shi muke nema. Abin da mai lemo ke tarawa a ƙarƙashin teburinsa ya zubar, shi ne ke sa a biya ni kuɗin kwali. Ruwan lemon kuwa, barin na tsami, idan ya shiga kirim mai zafi sai ya tsinka shi, kamar yadda ruwan tsami ke tsinka madarar waken suya in za a yi awara. Saboda haka ki wanke lemonki tas, ki goge shi ya bushe, ki gurza saman bawon kawai da ƙananan haƙoran abin goga kuɓewa. Da kin ga fari ya bayyana, ki juya wani gefen, farin nan ɗaci ne da shi. Kada koren bawo ya dame ki. Lemonmu na Binuwai yakan nuna yana kore saboda yanayin ƙasarmu, ƙamshinsa kuma lafiya lau. Tanjarin ma yana yi. Lemon tsami ya fi dacewa da farin cakulan, domin yana karya masa zaƙi. Wani abu kuma: in kun duba girkin a intanet za ku ga wasu na zuba giya mai ƙamshin lemo. Mu ba ruwanmu da ita, bawon ya wadatar.

Ga yadda ake yi. Ki yanka cakulan ƙanana ƙanana ki zuba a busasshen kwano. Ki ɗora kirim a wuta kaɗan tare da gurzajjen bawon, da ya fara ƙananan kumfa a gefe ki sauke, ki rufe, ki bar shi minti 20 ƙamshin ya ratsa. Ki tace, ki sake ɗumama shi, ki juye a kan cakulan. Kada ki taɓa, ki ba shi minti biyu. Sannan ki fara juyawa a hankali daga tsakiya, kina faɗaɗawa, har ya haɗe ya yi sheƙi. Ki sa bota da gishiri, ki juya su narke. Ki rufe ki sa a firij awa biyu zuwa uku ya daskare. Daga nan sai ki riƙa ɗiba da cokalin shayi kina mulmulawa da sauri, kina jefawa cikin garin koko da aka tankaɗe. Mai so za ta iya birkiɗawa a dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa, ko busasshiyar kwakwa, ko soyayyen riɗi. Na riɗi ya fi tafiya a wurina, iyaye maza ma suna tambayarsa.

Abu biyu kan ɓata aikin. Na farko ruwa: ɗigo kaɗan a kwano ko a cokali yayin da cakulan ke narkewa shi kaɗai, sai ya cure ya zama kamar yashi. Na biyu zafin da ya wuce kima, wanda ke sa mai ya taso sama. Idan hakan ya same ki kada ki zubar, ki sa cokali ɗaya na madara mai ɗumi ki yi ta juyawa, zai dawo. Wadda ba ta samu kirim ba kuma, akwai hanyar mutanen Burazil: madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, garin koko da bota, a tuƙa a wuta kaɗan har ya fara sakin gindin tukunya, a zuba bawon lemo, a bari ya huce a mulmula. Ya fi arha, ya fi jure zafi, sai dai ya fi zaƙi.

To, yanzu ga labarina, wanda Hajiya Ma'aji ta sani domin ita ta ga hawayena. Na fara sana'ar nan da hunturu, da rancen da ƙungiya ta ba ni. Komai ya tafi daidai, har na ɗauka na ƙware. Sai ga biki a watan Afrilu, uwar amarya ta ce tana son ɗari uku a jera tare da alkaki da dubulan da nakiya cikin kayan gara. Na amsa da murna, ban karɓi ko sisi na kafin alƙalami ba. Na kwana biyu ina aiki. Daren ƙarshe aka ɗauke wuta, da rana kuma na loda kwalaye a bayan mota, muka shiga cunkoso. Da muka isa na buɗe, wallahi kunu na tarar. Kunun cakulan mai ƙamshin lemo, kwali goma sha biyu. Baiwar Allah ba ta yi mini faɗa ba, amma ba ta biya ba, kuma gaskiyarta ne. Wata biyar na yi ina biyan bashin da kuɗin cincin.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Man da ke cikin cakulan na gaske yana narkewa a wajen digiri 34 na ma'aunin zafi, jikin mutum kuma 37 ne. Shi ya sa yake narkewa a baki, kuma wannan shi ne daɗinsa. Amma mu da zafinmu ke haura 40 a bazara, garin gaba ɗaya baki ne. Alkaki zai yi makonni a cikin kwalla ba abin da ya same shi. Wannan kuwa akwai kirim a cikinsa, ko a firij ba na wuce mako guda da shi.

Tun daga ranar na kafa wa kaina dokoki. Babban aiki daga Nuwamba zuwa Fabrairu nake karɓa. Da zafi, sai dai kaɗan, kuma sai na tabbatar akwai firij a inda za a kai. Da asuba nake mulmulawa, da kwanon ruwan ƙanƙara a gefe ina sanyaya hannu ina gogewa ya bushe. A kula nake kaiwa, da ƙanƙara a naɗe cikin leda da tawul. Idan an fito da shi daga firij, a bar shi a rufe na ɗan lokaci kafin a buɗe, don kada ya yi gumi garin kokon ya jiƙe. Kuma ba na kunna wuta sai an ba ni rabin kuɗi.

Sai lissafi, wanda shi ne ya tara mu a ƙungiyar nan. A 2024 farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba, saboda cuta da rashin kyawun yanayi sun rage amfanin gona a Kwaddibuwa da Gana. Abin ya iso har kicin ɗina. Duk wadda ta sa farashi bara ta bar shi haka, da uwar kuɗinta take ciyar da mutane. Kafin ki faɗi kuɗi, ki rubuta na cakulan, kirim, bota, lemo, gas, kwali, ƙanƙara da abin hawa, ki ɗora ladan wahalarki, ki raba da adadin da kika samu, sannan ki sa riba. Akwai wani cakulan mai arha da ake haɗawa da man itatuwa maimakon man koko, ya fi jure zafi amma yana barin maiƙo a dasashi. Ba laifi ba ne a yi da shi, sai dai a gaya wa mai saye, a kuma rage mata kuɗi. Amana ita ce jarin da ba a rantowa.

Hajiya Shugaba, ina da roƙo biyu ga kwamiti. Na farko, mu masu kayan zaƙi mu riƙa haɗa kuɗi muna sayen cakulan da bota a sari, maimakon kowa ta je ta sayo ƙulli ƙulli. Na biyu, a duba yiwuwar sayen firij mai aiki da hasken rana a ajiye a ofishin ƙungiya, mai amfani da shi ta biya wani abu kaɗan a asusu. Masu zoɓo da kunun aya da yogot ma duk za su amfana. Da akwai shi a wancan daren, da ban yi asarar da na yi ba, kuma ba na son wata ƙanwata ta yi irinta.

Duk mai son koyo da hannu, ta ba sakatariya sunanta, in sanyi ya shigo mu sa rana. Kowa ta zo da lemonta guda biyu da abin gurzawa, sauran kayan mu yi karo-karo. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya raya mana zuri'a.