RAGOWAR ABINCI AMANA CE A HANNUN MAI ITA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyarwa, Wanda ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku shehunai da muƙaddamai da sauran 'yan'uwa muridai, maganar wannan zama a kan abin da ya saura a tukunya ce bayan kowa ya ƙoshi. Duk wanda ke zaune a kewayen Ƙofar Kabuga ya san yadda ake dafa buhunan shinkafa a walimar aure da suna da saukar karatu, wani lokaci gari ya waye a iske sauran a bola, alhali a bayan wannan katangar akwai gidan da ba a hura wuta ba tun jiya.

Malaman mazhabar Malikiyya ba su bar wannan mas'ala ga ganin damar mutum ba. A cikin Mukhtasar, Shehu Khalil ya lissafa hana wanda ya matsu ragowar abinci ko abin sha a cikin abubuwan da ke jawo lamuni, wato idan matsattsen ya halaka, mai hanawar yana da hannu a ciki. Asalin wannan yana cikin hadisin Abu Sa'idil Khudri da Imamu Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci mai rarar abin hawa da mai rarar guzuri su mayar ga wanda ba shi da su, har sahabbai suka ɗauka cewa babu wanda ke da haƙƙi a kan rarar da ke hannunsa. A kan wannan turba magabatan ɗariƙu suka ginu. Masu tarihin Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 561 ta Hijira, sun yawaita ambaton yadda ya fifita ciyar da mayunwata a cikin ayyukan alheri.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Iyaye mata sun saba ware kwanon almajiri kafin a raba na gida, su busar da ƙanzo, su tanadi ɗumame. Sai dai birni ya faɗaɗa, girkin taro ya ninka, kwanon almajiri ba ya iya kwashe abin da ɗakin biki ɗaya ke bari. Abin da aka rasa a yau shi ne tsari.

Akwai abin lura a yadda wasu suka tsara nasu. A da, naman hadaya mai ɗimbin yawa yakan lalace a Mina, sai a binne shi. A shekarar 1983 hukumar Saudiyya ta ɗora wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda aikin kula da shi, aka riƙa yankawa da sanyayawa, ana raba wa talakawan Harami, ana aika saura zuwa ƙasashe sama da ashirin. A Faransa kuwa, a shekarar 2016 aka yi dokar da ta hana manyan kantuna lalata abincin da ba a sayar ba, ta wajabta musu miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji. Duk da haka, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2024 ya nuna an zubar da abinci kimanin tan biliyan 1.05 a shekarar 2022, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito.

To, mene ne ya rage ga muridi? Zawiyya tana da abin da ƙungiyoyin agaji ke nema da kuɗi: matasa masu hidima, da amincewar jama'a, da sanin sirrin unguwa. Idan kowace zawiyya ta ware mutum biyar da lambar waya ɗaya da mazubai masu tsabta, mai biki zai san inda zai kira kafin abinci ya kwana. Amma aikin yana da ladubba uku.

Na farko, a ware rarar daga tukunya tun hannu bai taɓa ta ba. Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mummuna ya yi sadaka da shi, wanda shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Abincin da ya fara tsami ba sadaka ba ne, cuta ce.

Na biyu, a gaggauta. Zafin Kano ba ya jira, dafaffen abinci a kai shi a daren. Abin da zai ajiyu kuwa, kamar naman layya da tumatir lokacin da ya yi arha, a soya ko a shanya shi yadda kakanni suka saba.

Na uku, a suturta. Wanda ya fi cancanta sau da yawa ba ya fitowa layi: gwauruwa mai marayu, da dattijon da mutunci ya hana shi roƙo, da mai jinyar da ya zo daga ƙauye yake kwana a harabar asibiti. A kai musu cikin sirri, kada a ɗauki hoton kowa. Mai kaiwa ya tuna cewa haƙƙi ya isar ga mai shi, ba alfarma ya yi ba.

Kafin a watse daga wannan taro, tukwanen da aka girka domin baƙi su ne wurin farawa. Muƙaddamai su tsayar da masu wannan hidima tun yau, kada hatsi ɗaya daga taron zikiri ya kwana a bola.

Allah Ya karɓi ibadun bayinSa, Ya jiƙan shehunai da iyaye, Ya wadata ƙasa da abinci da zaman lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.